Babi na Bakwai: Tarihin Binciken Kogin Kwara da Darasin da ke Cikinsa

7.0 Gabatarwa

An daɗe ana koya wa yara a makarantun firamare cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara. Ɗalibi mai kaifin tunani yakan tambayi malaminsa: shin kafin zuwan wannan Bature, masunta da 'yan jirgin da ke bakin kogin ba su ga ruwan da suke sha ba ne? Malamin da ba shi da amsa yakan tsawata wa yaron ko ya kauce wa tambayar, kuma duk biyun illa ne ga koyarwa. Wannan babi zai bi diddigin binciken da aka yi a kan kogin daga 1788 zuwa 1854, domin a ga ainihin abin da aka nema, da yadda aka same shi, da waɗanda suka sa hannu a aikin. Haka kuma za a ga yadda wannan bincike ya buɗe ƙofar nazarin Hausa a rubuce cikin boko.

7.1 Manufofin Babi

A ƙarshen wannan babi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana matsalar da kogin Kwara ya zama ga masana labarin ƙasa;
(b) kawo hasashen da aka yi game da mafitarsa da yadda aka tantance su;
(c) nuna gudummawar 'yan ƙasa a cikin binciken;
(d) danganta binciken da farkon nazarin Hausa.

7.2 Kogin da Sunayensa

Kwara shi ne kogi na uku a tsawo a Afirka, bayan Nilu da Kwango. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Yana tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, kusa da iyakar Saliyo, inda tazarar da ke tsakaninsa da Tekun Atilantika ba ta wuce kilomita 240 ba. Maimakon ya gangara tekun da ke kusa, sai ya juya mata baya ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Bamako da Segu, ya bazu cikin fadamu masu faɗi a tsakiyar Mali, ya wuce ta kusa da Tambutu a gefen hamada. Daga nan ya lanƙwasa ya nufi kudu maso gabas ta Gawo da Yamai da Yawuri, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya rarrabu rassa da yawa ya faɗa teku.

Wannan lanƙwasa ita ce tushen ruɗanin. Mutumin da ya tsaya a Segu zai ga ruwa yana gabas, wanda ya tsaya a Yawuri zai ga yana kudu, kuma kowannensu gaskiya ya gani. Bugu da ƙari, kowace al'umma da sunan da take kiransa: Mandinka suna cewa Joliba, Songai suna cewa Isa Ber, Hausawa suna cewa Kwara, Yarabawa kuwa Oya. Saboda haka wanda ya tattara labarai daga nesa yana iya ɗaukar kogi ɗaya a matsayin koguna uku ko huɗu.

7.3 Ra'ayoyin Magabata

Tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Herodotus na ƙasar Girka ya ruwaito labarin wani babban kogi a bayan hamada mai gudu daga yamma zuwa gabas. A 1154 Al-Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a tsibirin Sisili, inda ya nuna wani kogi da ya kira Nilun Sudan yana gudu zuwa yamma har teku. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ziyarci daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya shiga jirgi a kan kogin, ya kuma ɗauka shi ne Nilun da ke kaiwa Masar. A ƙarni na 16 Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ce kogin yamma yake gudu. Da yake littafinsa ya yi tashe a Turai, masu zanen taswira suka yi fiye da shekara ɗari biyu suna haɗa Kwara da kogunan Sanagal da Gambiya. Wannan misali ne na yadda kuskure yake daɗewa idan na baya suka dogara da sunan na gaba ba tare da sake dubawa ba.

7.4 Tafiye-tafiyen Mungo Park

A watan Yuni na 1788 aka kafa wata ƙungiya a Landan domin binciken cikin nahiyar Afirka, wadda Joseph Banks, masanin tsirrai, yake cikin jagororinta. Tambayoyinta uku ne: daga ina kogin ya taso, ina yake fuskanta, kuma ina ya ƙare? Neman ilimi ba shi kaɗai ne dalili ba, domin 'yan ƙungiyar suna da kwaɗayin hanyar ciniki zuwa Tambutu da ƙasar Hausa, waɗanda suka ji labarin arzikinsu. Manzanninta na farko ba su yi nasara ba. John Ledyard ya rasu a Alƙahira, Simon Lucas ya juyo daga yankin Tarabulus, Daniel Houghton kuma ya halaka a hanya a 1791.

Mungo Park likita ne ɗan ƙasar Sikotilan. Ya sauka Gambiya a 1795, ya zauna ya koyi harshen Mandinka, sannan ya nausa gabas. Bayan ya sha tsarewa ta wasu watanni da yunwa da fashi, ya isa Segu a watan Yuli na 1796, ya ga kogin yana gudu zuwa gabas. Ya bi gaɓarsa har garin Silla, inda ƙarfinsa ya ƙare ya juyo. Da ba don wani fatake mai suna Karfa Taura ya yi jinyarsa wata da watanni a garin Kamaliya ba, da labarin bai isa Ingila ba. Littafin da Park ya wallafa a 1799 ya amsa tambaya ɗaya cikin uku, wato ta fuskar da ruwan yake bi.

A 1805 gwamnatin Ingila ta sake tura shi tare da Turawa fiye da 40, akasarinsu sojoji. Damina ta riske su a hanya, zazzaɓi da atini suka yi musu kaca-kaca. Lokacin da jirginsa ya bar Sansandin a watan Nuwamba, Turawa biyar ne kawai suka rage. Sun yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 a kan ruwa, suna ƙin tsayawa su gaida sarakuna ko su biya kuɗin fito, suna harbin waɗanda suka kusance su. A farkon 1806 suka halaka a gurguzun duwatsun Busa, kuma duk abin da Park ya rubuta bayan Sansandin ya salwanta. Abin da aka sani game da ƙarshensa ya fito ne daga bakin ja-goransa, Amadi Fatuma, wanda ya rabu da shi a Yawuri. A nan akwai darasi: binciken da bai iso hannun jama'a a rubuce ba, komai wahalar da aka sha a kansa, bai ƙara wa ilimi komai ba.

7.5 Hasashe Huɗu Game da Mafitar Kogin

Bayan tafiyar Park ta farko, masana sun rabu gida huɗu.

Na farko, James Rennell, babban mai zanen taswira na Ingila, ya ce kogin yana ƙarewa ne a wani tafki ko fadama a tsakiyar nahiyar, inda zafin rana yake ƙafar da shi. Hasashen yana da madogara, domin kuwa kogin yana asarar ruwa mai yawa a fadamun Mali, kuma Tafkin Cadi misali ne na ruwan da ba shi da mafita zuwa teku.

Na biyu, wasu sun riƙe tsohon ra'ayin cewa Kwara da Nilu ɗaya ne. A 1822 Gordon Laing ya kusanci mafarin kogin ta Saliyo, ya ƙiyasta tudun wurin, ya nuna cewa bai kai tsayin da zai sa ruwa ya gangara har ya ratsa nahiyar ya shiga Nilu ba. Wannan hujja ce ta awo: ruwa ba ya hawa tudu.

Na uku, Park da kansa ya gaskata cewa Kwara ne yake fita teku da sunan Kwango. Saboda wannan ra'ayi aka tura James Tuckey ya hau kogin Kwango a 1816, inda shi da mutanensa da yawa suka mutu ba tare da sun tabbatar da komai ba.

Na huɗu, wani Bajamushe mai suna Reichard ya yi hasashen cewa kogin yana juyawa kudu ya faɗa teku ta gaɓar Binin. James MacQueen ya ƙarfafa wannan a littafinsa na 1821. Shi MacQueen bai taɓa taka Afirka ba a lokacin. Ya taɓa zama mai kula da gonar rake a tsibirin Giranada, kuma daga cikin madogaransa har da bayanan bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, waɗanda suka san kogin tun suna gida. Ra'ayinsa ne ya dace da gaskiya, amma manyan masana ba su ba shi muhimmanci ba.

7.6 Clapperton da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello

A 1822 Dixon Denham da Hugh Clapperton da Walter Oudney suka taso daga Tarabulus tare da ayari, suka ratsa hamada, suka ga Tafkin Cadi a watan Fabrairu na 1823, sannan Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya karɓe su a Kukawa. Oudney ya rasu kusa da Katagum a watan Janairu na 1824. Clapperton, wanda ya yi amfani da sunan Abdullahi, ya shiga Kano a cikin watan, ya isa Sakkwato a watan Maris.

A Sakkwato ya tarar da shugaba malami, marubuci, mai tambaya a kan taurari da magunguna da al'amuran duniya. Bisa ga abin da Clapperton ya rubuta, Sarkin Musulmi Bello ya zana masa hanyar kogin a ƙasa, ya gaya masa cewa yana shiga teku ta wajen Funda. Funda ita ce Panda, wadda take kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai. Ko da yake ba a bakin teku take ba, bayanin ya nuna kudu, wato fuskar da ta dace. Sai dai taswirar takarda da aka ba Clapperton a fadar, wadda aka buga a Landan a 1826 tare da fassarar wani yanki na Infaƙul Maisuri, tana ɗauke da rubutun da ya haɗa Kwara da Nilun Masar. Tafiyar da ya yi niyya zuwa Yawuri ma ba ta yiwu ba, an ce masa hanya ba lafiya. Wasu masana tarihi suna ganin cewa fadar ta yi taka-tsantsan ne da bayyana wa baƙo hanyar shiga ƙasa ta ruwa. Abin da ya auku bayan shekara tamanin ya nuna cewa irin wannan tsoro yana da dalili.

Clapperton ya dawo ta Badagiri a ƙarshen 1825, ya ratsa ƙasar Yarabawa da Borgu, ya haye Kwara kusa da Busa, ya sake isa Sakkwato a 1826. Ya tarar ana yaƙi da Borno, saboda haka aka hana shi wucewa, aka kuma karɓe wasiƙa da kayan da ya ɗauko don al-Kanemi. Ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827. Baransa Richard Lander ne ya mayar da takardunsa Ingila. A wannan tafiya akwai wani tafinta Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa suka laƙaba wa William Pasco. An taɓa sayar da shi bawa, ya kuɓuta, ya yi aiki a jiragen ruwan Ingila. Da Hausarsa aka yi magana da sarakuna da fatake a mafi yawan hanyar.

7.7 Warware Matsalar a 1830

A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka sauka Badagiri, Pasco yana tare da su. Dabararsu mai sauƙi ce: su je inda Park ya tsaya, su bi ruwa duk inda ya kai su. Sun isa Busa a watan Yuni, suka leƙa Yawuri neman takardun Park, sannan a watan Satumba suka shiga kwalekwalen da suka samu ta hannun sarakunan yankin. Suka wuce Raba ta ƙasar Nufe, suka ga mahaɗar Binuwai a ƙarshen Oktoba. A can ƙasa aka kama su aka kai su gaban Obi na Abo, daga bisani wani basarake ɗan kasuwa daga Biras ya fanshe su, ya fitar da su teku ta reshen Nun a watan Nuwamba.

Abin mamaki shi ne, tun ƙarni na 15 jiragen Turawa suke ciniki a wannan gaɓa, suna sayen bayi, daga baya manja, ba su san cewa rassan da suke shiga bakin Kwara ba ne. Tambayar da aka yi shekara 42 ana nema, amsarta tana ƙarƙashin jiragensu. Abin da 'yan'uwan nan biyu suka yi shi ne haɗa sassan da aka sani a rarrabe, suka tabbatar da ganin ido cewa ruwa ɗaya ne. Game da mafarin kogin kuwa, sai a 1879 Zweifel da Moustier suka kai yankinsa.

7.8 Zazzaɓi da Kwinin

Sanin hanya bai sa ta biyu ba, domin zazzaɓin cizon sauro ya tsare ƙofa. A tafiyar da Macgregor Laird ya shirya da jiragen tururi daga 1832 zuwa 1834, Turawa 9 ne suka tsira cikin 48, kuma Richard Lander ya mutu a 1834 sakamakon raunin harsashi. A tafiyar 1841 kimanin kashi ɗaya cikin uku na Turawan suka mutu. A wancan zamani ana zaton gurɓatacciyar iskar fadama ce take kawo cutar.

Maganin ya zo ne daga wani fannin kimiyya dabam. A 1820 wasu masana haɗa magunguna biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin kwinin daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka. A watan Yuni na 1851 Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya haye Binuwai a mahaɗarsa da kogin Faro a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Labarin da ya aika ya sa aka tura jirgin Pleiad a 1854, wanda jagorancinsa ya faɗa hannun likita William Balfour Baikie. Baikie ya sa mutanensa shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya kama su. Sun yi kimanin wata huɗu a kan Kwara da Binuwai, suka dawo ba wanda ya mutu. Ya kamata a lura cewa an yi wannan nasara kafin a san musabbabin cutar, domin sai a 1880 Laveran ya ga ƙwayarta a cikin jini, kuma sai a 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro.

7.9 Tasirin Binciken a kan Nazarin Hausa

Duk inda matafiyan nan suka bi, sun tarar Hausa ce harshen fatauci, saboda haka bukatar koyonta ta taso. James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan, ya fara koyon Hausa daga 'yantattun bayi a Saliyo, ya kuma shiga tafiyar 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. A 1843 ya wallafa jerin kalmomin Hausa da taƙaitaccen nahawu. Barth, wanda ya shiga Katsina da Kano a 1851 da Sakkwato da Gwandu a 1853, ya tattara kalmomin harsuna da dama, aka buga su tsakanin 1862 da 1866. Da zai koma Turai a 1855 ya tafi da samari biyu, Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, Bamargi. Schön ya yi aiki da Dorugu, kuma bakinsa ne babban tushen nahawun 1862 da ƙamusun 1876 da Magana Hausa na 1885. Tun kafin wannan lokaci malamai suna rubuta waƙoƙin Hausa da ajami. Abin da ya zo sabo shi ne rubuta harshen da haruffan boko da kuma tsara nahawunsa bisa tsarin Turai.

Wajibi ne kuma a ambaci ɗaya fuskar. Hanyar da aka buɗe da taswira da kwinin ita ce kamfanonin Ingila suka bi. Kamfanin George Goldie ya sami izinin mulki a 1886, aka kafa tutar Ingila a Lakwaja a 1900, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Sunayen ƙasashen Nijeriya da Nijar duka daga sunan da Turawa suke kiran kogin aka samo su. Tsohuwar Busa kuwa ruwan madatsar Kainji ya shanye ta a 1968.

7.10 Kalmar "Gano"

Nahawun Hausa zai taimaka wa malami wajen amsa tambayar da aka buɗe babin da ita. Aikatau mai ƙarewa da wasalin -o yana nuna aikin da aka yi a wani wuri, sakamakonsa ya nufo wajen mai magana. Misali: saya/sayo, ɗauka/ɗauko, nema/nemo, gani/gano. Wanda ya ce "Audu ya sayo goro" yana nan gida, goron kuma ya zo inda yake. Ke nan jimlar "Mungo Park ya gano Kwara" tana da ma'ana a bakin mutanen Landan da suka aike shi ya gano musu. A bakin ɗan Yawuri kuwa ba ta zauna ba, domin kogin bai taɓa ɓace masa ba.

Duk da haka, kuskure ne a ce matafiyan ba su ƙara komai ba. Masunci ya san zurfin ruwan garinsu da lokacin cikarsa fiye da kowane baƙo, fatake sun san mashigai da zangon da ke gaba, malamai sun san ƙasashen da ke cikin littattafai. Abin da ba a samu ba shi ne bayani guda, aunanne, rubutacce, wanda ya haɗa kogin daga Gini zuwa teku, wanda kowa zai iya dubawa ya gyara. Malami zai yi adalci idan ya ce Park shi ne Baturen farko da ya ga kogin ya koma gida da rubutaccen bayani a kan fuskar da yake bi.

7.11 Kammalawa

An ga cewa matsalar Kwara ta samo asali ne daga siffar kogin da yawan sunayensa da kuma dogaro da maganar magabata. An yi hasashe huɗu, awo da ganin ido suka kawar da uku. Aikin ya haɗa likitoci da masu taswira da masana magunguna da sarakuna da tafintoci da 'yan jirgi da bayi, ko da yake sunayen kaɗan ne suka shiga littattafan makaranta. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Malamin da zai koyar da wannan tarihi ya saba wa ɗalibansa da tambayoyi uku a kan kowane labari: wa ya faɗa, ta yaya ya sani, kuma wa ya taimake shi ba a ambace shi ba?

7.12 Auna Fahimta

1. Me ya sa siffar kogin Kwara ta rikita masana labarin ƙasa?
2. Kawo hasashe huɗu da aka yi game da mafitar kogin, tare da madogarar kowanne.
3. Kwatanta tafiyar Mungo Park ta 1805 da ta Baikie ta 1854.
4. Bayyana gudummawar Sarkin Musulmi Bello da Pasco da Dorugu.
5. Kawo aikatau goma masu ƙarewa da -o, a sanya kowanne cikin jimla.

Jinga: A tsara darasi na minti 40 domin ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare a kan binciken kogin Kwara. A haɗa da taswirar da ɗalibai za su zana da kansu, su rubuta sunan kogin a kowane yanki da harshen mutanen wurin.